Yadda Za Ka Auna Gubar Kofa Salfet a Kan Ƙwayoyin Yis a Sakkwato

Ɗalibin da aka ba aikin kammala karatu a kan gubar sinadaran masana'antu, hankalinsa yakan fara tafiya ga farin ɓera: a saya, a ciyar, a ɗura masa sinadari, a yanka a duba hanta. Hanyar tana da tsada, tana buƙatar izini, kuma zafin watan Afrilu kan galabaitar da dabbobin tun kafin aiki ya kankama. Alhali akwai halitta mai rai da ake sayarwa cikin leda a Babbar Kasuwa, wurin masu kayan biredi, wadda za ta amsa maka tambayarka cikin awa biyu. Yis ke nan. Na rubuta wannan jagora saboda ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da malaman sakandare masu son yaransu su ga ilimin guba da idonsu.

Yis ɗin biredi sunansa na kimiyya Saccharomyces cerevisiae. Ƙwaya ɗaya ce tak, faɗinta tsakanin maikiromita 5 zuwa 10 (maikiromita 1,000 ne milimita ɗaya), amma tsarin cikinta irin na ƙwayoyin jikinmu ne: tana da cibiya, tana da mitokondiriya, wato sassan da ke samar mata da kuzari, tana da tantanin da ya kewaye ta. A 1996 aka kammala karanta kundin gadonta, aka tarar da ƙwayoyin gado kusan 6,000 a kan kuromosom 16, kuma da yawansu suna da takwarori a jikin ɗan Adam. Shi ya sa masu binciken guba suke yawan farawa da ita.

Sinadarin da na zaɓa shi ne kofa salfet, shuɗin gishirin nan na jan ƙarfe da ake samu a kusan kowane ɗakin gwajin sakandare. Ana haɗa maganin feshin cututtukan shuka da shi, ana kashe gansakukar tafki da shi, masu rini da masu yi wa ƙarfe rufi suna amfani da shi. Yana da guba ta gaske, amma ba ya tashi a iska ya shiga hanci yadda fomalin ke yi, don haka ya fi sauƙin riƙewa ga mai koyo.

Abin da jan ƙarfe ke yi a cikin ƙwayar

Kafin ka taɓa kwalba, ka san abin da kake nema. Jan ƙarfe ga yis kamar gishiri ne ga miya: babu shi ba ta yi ba, ya yi yawa kuma ta ɓaci. Ƙwayar tana buƙatar ɗan kaɗan don numfashin da ake yi a mitokondiriya, da shigo da sinadarin ayon (baƙin ƙarfe), da kuma wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a ƙwaya, mai suna Sod1 da ke kare ta daga ɓarnar oksijin. Har wata ƙofa ta musamman gare ta a tantaninta, Ctr1, don shigo da shi.

Idan ya wuce kima, ɓarnar takan biyo hanyoyi da dama a lokaci guda. Jan ƙarfe yana sauyawa tsakanin yanayi biyu na caji, kuma a wannan kai-da-komo yana haifar da wasu ɓurɓushin oksijin masu tsananin ci, waɗanda ke lalata kitsen da aka gina tantani da shi. Tantanin ya fara yoyo, fotashiyam na cikin ƙwaya ya tsiyaye waje. Yana kuma manne wa furotin a wuraren da suke ɗauke da farar wuta, ya karkatar da su, su daina aiki. Inzayim ɗin da ke narkar da sukari suna cikin waɗanda abin kan shafa, kuma a nan ne gwajinmu yake samun ƙofa: yis mai lafiya yana cin sukari ya fitar da iskar kabon dayoksaid, wanda guba ta taɓa kuwa iskarsa takan ragu.

Yis ba ya zama haka nan a kashe shi. Yana da ƙwayar gado mai suna CUP1 da ke ƙera wani ƙaramin furotin mai kama jan ƙarfe ya ɗaure shi. Wani nau'in yis yana da kwafin CUP1 guda ɗaya, wani yana da da yawa a jere, kuma mai yawan kwafi ya fi juriya. An ga haka sosai a yis ɗin gonakin inabi na Turai, inda tun shekarun 1880 ake feshin haɗin kofa salfet da farar ƙasa da aka fara a yankin Bodo na Faransa. Amfanin sanin wannan gare ka shi ne: yis na kamfanoni biyu na iya ba ka sakamako biyu. Ka yi aikinka duka da leda ɗaya, ka rubuta sunan kamfanin da ranar lalacewarsa a littafinka.

Kayan aiki, da maganar ruwa

Za ka nemi busasshen yis sabuwar leda, farin sukari, kofa salfet, kwalaben roba na rabin lita iri ɗaya, balan-balan daga fakiti ɗaya, sirinji na mililita 1 da na 10, silinda mai awo, sikelin da ke karanta giram 0.1 ko ƙasa, ma'aunin zafi, tef ɗin tela, babbar kular abinci, safar hannu da tabarau. Don kashi na biyu, na ƙirga matattun ƙwayoyi, kana buƙatar madubin likita, gilashin ɗora samfur da rinin metilin bulu.

Ruwa ne inda aikin mutane da yawa yake karyewa ba su sani ba. Ƙasar da ke kewaye da Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, wanda saboda shi aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko kabonet. Ka zuba kofa salfet a irin wannan ruwa ka duba da kyau: maimakon shuɗi garau, za ka ga ya yi dishi-dishi, bayan ɗan lokaci wani gari mai launin shuɗi-kore ya kwanta a ƙasa. Jan ƙarfenka ne ya fita daga cikin ruwan. Abin da ya kwanta ba ya isa ga ƙwayar yadda narkakke ke isa, sai ka rubuta cewa sinadarin ba shi da ƙarfi, alhali rabinsa yana gindin kwalba. Saboda haka kada ka yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse ko fiya wata. Ka nemi tataccen ruwan ɗakin gwaji, wanda aka turara. Idan za ka sayi ruwan batir a madadinsa, ka tabbata tataccen ruwa ne zalla, ka gwada shi da takardar litmos, don akwai mai asid da ake kira da wannan suna. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma ka bar shi, ya bi ta kan bututun jan ƙarfe.

Kada cokalin ƙarfe ko kwanon alminiyam ya taɓa haɗinka. Gilashi da roba kawai.

Haɗa kwalabe

Sa safar hannu da tabarau. Auna giram 2.5 na shuɗin kofa salfet, narkar da shi a ɗan ruwa, sannan ka cika har mililita 100. Nauyin mol ɗaya na wannan gishiri kusan giram 250 ne, don haka haɗin da ka yi yana da ƙarfin milimola 100, wato kashi ɗaya cikin goma na mol a kowace lita. Shi za mu kira uwar haɗi. Rubuta masa suna da kwanan wata da kalmar GUBA. Idan gishirin da ka tarar fari ne ba shuɗi ba, busasshe ne wanda aka ƙone ruwan jikinsa, giram 1.6 za ka auna.

Ruwan sukari kuma: giram 100 a cika da ruwa har lita 1, wanda zai ishi kwalabe 20.

Kowace kwalba za ta ƙare da mililita 100 cif. Zuba mata mililita 50 na ruwan sukari, wato giram 5 na sukari ke nan. Sai uwar haɗi: kwalba ta farko ba a sa mata komai, ta biyu mililita 0.1, sai 0.5, sai 1, sai 2, sai 5, ta bakwai 10. Ƙara wa kowacce tataccen ruwa har ta kai 90, a bar gurbin mililita 10 na yis. Daɗin wannan tsari shi ne adadin mililitar da ka zuba shi ne ƙarfin kwalbar a milimola, ba sai ka sake lissafi ba. Milimola 1 daidai yake da miligiram 63.5 na jan ƙarfe a lita. Don ka san inda kake, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 2 ce a lita, wato ko kwalbarka ta milimola 0.1 ta ninka ta sau 3.

Kwalba ta farko ita ce shaida, da ita za a gwada sauran. Amma shaida ɗaya ba ta isa ba, kuma a nan nake roƙon ɗalibai kada su yi rowar kwalba. Ƙara ta takwas, wadda za ka sa wa yis ɗin da ka tafasa na minti 10: idan balan-balan ɗinta ya ɗan tashi, ka san zafi ne ya buɗa iskar cikin kwalba, ba aikin yis ba ne, sai ka cire wannan adadi daga na sauran. Ƙara ta tara, ka sa mata milimola 10 na magniziyam salfet maimakon kofa salfet. Ranar kare aiki wani malami zai tambaye ka, ta yaya ka san jan ƙarfen ne ya yi ɓarnar ba salfet ɗin ba? Wannan kwalba ce amsarka.

Yis kuma kada ka auna wa kowace kwalba busasshe. Ga kowane rukunin kwalabe tara, auna giram 10, zuba a mililita 100 na ruwa mai ɗumin digiri 35, bar shi minti 10 zuwa 15 ya farfaɗo, sannan ka raba da sirinji, mililita 10 kowacce. Motsa shi kafin kowace ɗiba, saboda ƙwayoyin suna kwanciya da sauri, kwalbar ƙarshe sai ta samu ko dai tsararo ko kuma kauri. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bangon ƙwayar yis yana kama jan ƙarfe, har matacciyar ƙwaya ma tana kamawa. Kwalbar da yis ya yi mata yawa ta raba gubar ga ƙwayoyi masu yawa, sai ta nuna juriyar da ba ta da ita.

Kowane ƙarfi a yi shi sau uku. Idan kwalabe 27 sun yi maka yawa a zama ɗaya, yi tara-tara a kwana uku, ka ɗaure bakin ledar yis ka ajiye ta a wuri mai sanyi.

Zafi

Yis ya fi walwala a kusa da digiri 30. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura 40, a lokacin hunturu kuma safiya kan sauko ƙasa da 20. A zafin bazara yis yana cikin wahala tun ba a sa masa guba ba, sai ɓarna biyu su haɗu ka kasa rabe su. A sanyin hunturu kuma aikinsa yakan yi nawa har ka zaci ya mutu.

Ba sai kana da na'urar ɗumama mai aiki da lantarki ba. Zuba ruwa a kular abinci, daidaita shi da ruwan zafi ko ƙanƙara har ya tsaya a 30, jera kwalaben a ciki ruwan ya kai tsayin abin da ke cikinsu. Ɗaure su da kyauro ko ka tokare su don kada su kife. Bar su minti 10 su ɗauki zafin ruwan kafin ka sa yis. Duba ma'aunin zafi duk lokacin da za ka yi awo, ka rubuta. A bazara fara aikin bayan sallar Asuba, ka gama kafin hantsi ya dubi ludayi. Kada wata kwalba ta kasance kusa da taga ita kaɗai.

Awon iska

Hura kowane balan-balan sau ɗaya ka sace shi, don robar ta saki daidai wa daida. Nemi abokin aiki: kai kana zuba yis, shi yana ɗaura balan-balan a bakin kwalba yana naɗe shi da kyauro. Rubuta lokaci. Duk minti 15 ka juya kowace kwalba a hankali sau uku, ka auna kewayen balan-balan a inda ya fi faɗi da tef ɗin tela. Ci gaba har awa biyu.

A rabin awar farko za ka ga kwalbar shaida ta tara kumfa mai kauri, ƙananan ƙwayoyin iska suna hawa ta gefe, ƙamshin kwaɓin biredi yana tashi. Waɗanda aka sa wa da yawa kuwa ruwansu yakan tsaya shiru, yis ya kwanta a ƙasa, wani lokaci launinsa ya ja zuwa kore-kore.

Kada ka zana jadawali da kewaye kai tsaye, zai yaudare ka, domin idan kewaye ya ninka sau 2, iskar ciki ta ninka sau 8 ne. Mayar da shi mililita: ninka kewayen da kansa sau uku a santimita, ka raba da 59. Kewayen santimita 30 zai ba ka 30 × 30 × 30, wato 27,000, a raba da 59, wato kusan mililita 457. Giram 5 na sukari ba zai iya ba da abin da ya wuce kimanin lita 1.4 ba ko yis ya cinye shi tas, don haka idan lissafinka ya haura wannan, koma ka duba.

Mai son awo mafi inganci ya huda murfin kwalba, ya sa sabuwar robar ƙarin ruwa ta asibiti, ya toshe gefen da kakin kyandir, ya kai ɗaya bakin ƙarƙashin silindar da aka cika da ruwa aka kife a roba. Iskar za ta tura ruwan ƙasa, ka karanta mililita kai tsaye. Sa gishiri sosai a ruwan, don kabon dayoksaid yana narkewa a ruwan da ba gishiri.

Wa ya mutu, wa ya suma

Balan-balan da bai tashi ba ya gaya maka aiki ya tsaya, bai gaya maka ƙwayar ta mutu ba. Rahotanni da yawa a nan suke zarce gona da iri, su rubuta "ya kashe" a inda shaidarsu ta tsaya ga "ya hana". Hanyar rabewa ita ce metilin bulu. Ƙwaya mai rai tana da inzayim da ke mayar da rinin ya zama marar launi, matacciya kuwa takan rine shuɗi ta zauna haka.

Bayan awa biyun, girgiza kwalba, ɗebi mililita 1, zuba a mililita 9 na tataccen ruwa. Idan akwai na'urar juya samfur, wanke ƙwayoyin sau ɗaya don a rabu da ragowar sinadarin. Haɗa ɗigo ɗaya na wannan da ɗigo ɗaya na rini mai ƙarfin kashi 0.01 cikin 100, jira minti 5, rufe da siririn gilashi, duba da girman 400. Za ka ga ƙananan ƙwayoyi masu siffar ƙwai, wasu garau suna sheƙi, wasu shuɗi, wasu da ɗan toho a gefe. Ƙirga aƙalla 200 daga wurare daban-daban na gilashin. Raba marasa launi da jimillar, ka ninka da 100, ka samu kason masu rai. Kada samfur ya daɗe a cikin rini, shi ma yana kisa idan ya jima, don haka rina ɗaya, ƙirga, sannan ka rina na gaba.

Ko a kwalbar shaida za ka tarar da shuɗaye, domin busar da yis a masana'anta yana kashe wasu. Kada wannan ya tayar maka da hankali. Kuma ina ba da shawara abokinka ya rufe sunayen samfuran ya sa musu lambobi kafin ya miƙo maka. Idon da ya san wannan ce kwalbar milimola 10 yakan ga shuɗi a inda babu, ba don rashin gaskiya ba, halin ido ne.

Akwai ƙarin gwaji mai arha da ke ƙara wa aikin daraja. Bar yis ɗin kwalaben milimola 2 da 5 da 10 ya kwanta, tsiyaye ruwan sama a mazubin shara na musamman, wanke da tataccen ruwa sau biyu, zuba sabon ruwan sukari marar guba, ɗaura sabon balan-balan. Wanda ya dawo aiki dama suma ya yi. Wanda ya ƙi, kuma madubi ya nuna shi shuɗi, shi ne za ka rubuta ya mutu.

Lissafi da abin da za ka iya faɗa

Ɗauki matsakaicin awo ukun kowane ƙarfi. Cire iskar kwalbar guba daga ta shaida, raba da ta shaida, ninka da 100, ka samu kason hanawa. A misali kawai, idan shaida ta ba da 400 wata ta ba da 100, hanawar kashi 75 ce. Zana ƙarfin sinadari a kwance, kason hanawa a tsaye, ka nemi inda layin ya ratsa kashi 50. Wannan adadi shi ne zuciyar rahotonka. Idan ya faɗo tsakanin kwalabe biyu masu nisa, maimaita gwajin da ƙarfi huɗu ko biyar a tsakaninsu.

Idan ƙaramin ƙarfi bai nuna komai ba, ko ya ɗan fi shaida, rubuta shi yadda ya zo. Idan adadinka ya saɓa da na wata maƙala, duba abin da suka reno yis ɗinsu a ciki kafin ka zargi kanka: abincin ɗakin gwaji mai fefton, wato narkakken furotin, yana ɗaure jan ƙarfe, yis yakan jure ƙarfi mafi yawa a cikinsa fiye da a ruwan sukari zalla. Kada ka gyara lamba don ta yi kama da ta wani.

Ka kuma tsaya a iyakar shaidarka. Furotin Ccc2 da ke jigilar jan ƙarfe a yis ɗan'uwa ne ga wanda lalacewarsa ke jawo cutar Wilson a mutane, inda jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, wannan dangantaka gaskiya ce kuma ta cancanci ambato. Amma yis ba shi da hanta ko ƙoda, adadin da ya hana shi aiki ba ya gaya maka adadin da zai cutar da mutum ko dabba. Tumaki, alal misali, sun fi yawancin dabbobin gida saurin kamuwa da gubar jan ƙarfe, abin da bai kamata a manta da shi ba a garin da ake kiwo a kusan kowace unguwa.

Sauran ruwan

Kofa salfet idan aka haɗiye shi yana sa amai mai tsanani, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana taɓa hanta da ƙoda. Wanda ya sha a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a je a ga likita. Launinsa yana jan hankalin yara, kada a kai shi gida.

Kada ka tuttule ragowar a kwata. Kwatocin gari fadama suke nufa da gulbin Rima, kuma kifi ba ya jure jan ƙarfe ko kaɗan ne. Tara komai a bokitin roba, jefa soson ƙarfe ko tsofaffin ƙusoshi masu yawa, bar shi kwana ɗaya ko biyu a inda dabba ba za ta kai baki ba. Shuɗin zai dushe, jan ƙarfen ya fito ya lulluɓe ƙarfen da launin ja-ja. Tace da tsumma, busar da abin da ya rage, ƙulle shi a leda ka miƙa wa mai kula da ɗakin gwaji ya haɗa da sharar sinadarai. Kwalaben kuma ka huda su kafin ka yar, don kada wani ya tsinta ya zuba kunun zaƙi ko zoɓo a ciki.